Babu Igiya Tsakanin Hannu da Fiffike

Shekara tara ke nan da rasuwar Malam, maigidana. Ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa, in kuka ya zo mu dakata.

A rijiyarmu ta kwarin Tarka muka ƙare ƙuruciyarmu. Shi yana bakin rijiya, ni ina jan raƙumi da igiyar guga. Ko ban waiwaya ba, nauyin igiyar yake gaya mini guga ya cika, ko ya maƙale, ko Malam ya gaji. Mun yi niyyar Makka tare, ciwo ya riga mu.

Bana autanmu, wanda ke gyaran jiragen sama a Yamai, ya zo gida Tanut ya ce zai biya mini kujerar Makka. Na ce sai ya gaya mini abin da direban jirgi yake riƙewa, don na san tambayar da ubansa zai fara yi ke nan.

Ya ce, "Inna, jiragen da can igiyar ƙarfe gare su, daga hannun direba har fiffike. Na yanzu babu. In ya motsa sandar tuƙi, saƙo ne ke bin wayar lantarki zuwa na'ura. Ita ce ke auna iska da gudun jirgi, sannan ta sa a motsa fiffiken."

Na ce, "To in ta yi barci fa?"

Ya yi dariya. "Ba ɗaya ba ce, Inna, suna tsaron juna. Kuma in direba ya ja fiye da kima, sai ta hana."

Na daɗe ina tunanin me Malam zai ce. Hannun da ba ya jin nauyin abin da yake ja, wannan ba zai so ba. Amma hanawar za ta burge shi. Bai taɓa dukan raƙumin da ya ƙi taka bakin rijiya mai zabtarewa ba, cewa yake dabbar ta ga abin da bai gani ba.

Abin da ya bar mini ke nan: in tambaya har in gane, in na gane in daina gardama. Tsoron jirgi ya tafi. Wanda ya rage shi ne na zama kusa da baƙo duk tsawon tafiyar.

Auta ya kira jiya, ya ce in yanke shawara. Na ce ya kama kujerar. Na ji bakina zai ce biyu, na gyara. Allah ya jiƙan Malam.