Wanda Zai Yi wa Hedimasta Allura

Mahaifina ya koyar a firamare a Samaru har kansa ya yi fari, kuma ban san illar hakan ba sai da fartanya ta sare shi a ƙwauri. Ya ɓoye ciwon sati guda, yana ɗingishi yana ce wa Mama takalmi ne ke matsa masa. Da zazzaɓi ya kayar da shi, na kai shi wani ƙaramin asibiti kusa da gida. Likita ya duba ƙafar, ya ɓata rai, ya ce allura ce ta kwana biyar a ɗuwawu, kuma a fara yau, in ba haka ba ciwon zai shiga jini.

Nas ta shigo da tire, tana ganinsa ta rusuna.

"Ina wuni, Hedimasta."

Baba ya ƙura mata ido. "Ba ke ce mai zama bakin taga a aji huɗu ba?"

Ta ce ita ce, har da murnar ya tuna ta. Baba ya kama mazugin wandonsa da hannu biyu.

"Yarinyar da na koya wa riƙe fensir ba za ta ga tsiraicina ba. A kira namiji."

Aka kira namiji, wani ƙato mai gemu. Da bai yi magana ba da an gama. Yana zuƙar ruwan allura ya ce, "Malam, har yau ina tuna bulalar da kuka yi mini a kan lissafi." Baba ya miƙe da ƙafa ɗaya ya ce wannan ramuwa ya zo yi, a dawo da macen. Amma ta tashi daga aiki, wadda ta karɓe ta kuwa 'yar cocinmu ce. Baba ya ce kafin Lahadi duk zumuntar mata sun ji labarin bayansa.

Raina ya ɓaci sosai. Ni ma koyarwa nake yi, na bar ɗalibaina babu malami, jikin Baba zafi rau, shi kuma yana tantance ma'aikata kamar mai ɗaukar aiki. Na ce, "Baba, to wa kuke so?" Ya lissafa mini da yatsu: namiji, wanda bai koyar ba, wanda ba ya zuwa cocinmu, wanda bai san Mama ba. Ya ce sai Sabon Gari, can baƙi suka fi yawa.

Muka hau keke mai ƙafa uku. A asibitin farko an samu namiji, ba ɗalibinsa ba ne, har na fara gode wa Allah. Sai Baba ya tambayi sunan uwarsa. Ashe Baba ya koyar da ita. Ya ce wannan jika ne, ya ma fi muni.

Wuri na biyu a saman wani shagon taya yake, sai da na kusan ɗaukarsa a matakala. Nas ɗaya ce a ciki, wata dattijuwa Ibo mai gilashi a kan hanci. Baba ya tambaye ta firamaren da ta yi, ta ambaci wani gari da bai taɓa ji ba. Ya ji daɗi, amma ya ce shi dai namiji yake so. Ta ce namiji ɗaya ne a gidan, mai tayar da janareta. Baba ya juyo gare ni.

"Tambaye ta, ya iya allura?"

Matar ta sauke gilashinta. "Papa, yansh na yansh," in ji ta, wato ɗuwawu duk ɗaya ne a wurinta. Ta ƙara da Hausa cewa tun safe ta ga guda tara, kuma ko a kasuwa ta haɗu da masu su ba za ta gane su ba. Wannan maganar ce ta shige shi. Ya ce in haka ne ya yarda.

Sai dai ya kasa hawa gadon. Ƙafar ta kumbura, jikinsa na karkarwa, yatsunsa sun kasa kwance mazugi. Ta ce in taimaka. Na sa hannu na ɗaga shi, sai na ji babu nauyi. Cikin babbar rigar nan da yake yawo da ita ƙashi ne kawai. Kullum muna cin tuwo tare, amma ban san haka ya rame ba. Tsoro ya kama ni, da kunyar faɗan da na yi ta yi masa a hanya.

Ya lura na gane. Ya ce a hankali, "Kai ma juya."

Na juya na fuskanci bango, na miƙa hannuna ta baya. Na zaci zai ture shi. Ya kama, ya riƙe gam har ta cire allurar, kuma bai saki ba sai da ta ja masa wandon ta ɗaure.