Fim Ɗin da Ba a Cin Abinci

Lokacin muna ƙarƙashin Jihar Sakkwato, an taɓa kawo wani fim ɗin Turawa silimar Birnin Kebbi. Wai ƙarshen zamani ne: azzalumin shugaba ya danne ƙasa, birni ya zama kango, 'yan tawaye sai harbi suke yi. Ranar farko bencina sun fi 'yan kallo yawa.

Kawuna, manomin shinkafa daga Argungu, ya kawo mana ziyara, na ja shi muka je. Ko tafi bai yi ba.

"Ɗana, wanga fim ƙarya ta," in ji shi da muka fito. "Tun farko har ƙarshe ban ga wanda ya kai loma baki ba. Babu gona, babu tukunya bisa wuta."

Washegari ya baza maganar a kasuwa. Gardama ta kaure, mutane suka riƙa cika silima don su kama mai cin abinci a cikinsa, har aka ƙara wa fim ɗin mako guda. Ba a kama kowa ba.

Na ce wa Kawu ai dai an kifar da azzalumin.

"Ɓarnar harsashi," in ji Kawu. "Gwamnatin da ba ta da manomi, zama akan yi a jira ta faɗi da kanta."