Man Na'a-na'ar da Yayan Mijina Ya Kawo

Na'a-na'a ba baƙuwa ba ce a gidanmu na unguwar Nima. Surukata ta shuka ta a tsohon bokiti bayan madafa. Maza su tsinka su jefa a shayi, mu kuma in cikin yaro ya kumbura mu tafasa 'yan ganye, ruwan ya huce, a ba shi kaɗan.

Sai yayan mijina ya dawo daga aikin Hajji. Mutumin da ya tafi yana sayar da tsofaffin kusoshin mota a kasuwar Abossey Okai, ya dawo da haƙorin Makka da rawani, kai ka ce likitanci ya je karantowa. Cikin tsarabarsa akwai 'yar kwalbar man na'a-na'a, ba ta kai ɗan yatsa ba. In ya buɗe ta sai idonka ya kawo ruwa don ƙarfi. Mai ciwon kai ya shafa masa, mai ciwon gwiwa ya shafa masa. Da kaza za ta yi tari a gabansa, da ita ma ta samu rabonta.

Ɗana na fari bai daɗe da yin arba'in ba. Wata hantsi ciki ya murɗe shi, yana ta tsala kuka a hannun surukata. Ina gefe ina wanke-wanke kamar ban ji ba, don a wurinmu uwa ba ta nuna damuwa da ɗan fari gaban surukai, ko sunansa ba ta kira.

"Hajiya, kawo shi nan," in ji Alhaji. "Ganyenku na bokiti me zai yi? Wannan daga Makka ya fito."

Ya buɗe bakin jaririn ya ɗiga masa man, tsantsarsa. Kukan ya yanke. Tsofaffin gidan har sun fara sa albarka, ni kuwa na ga yaron ya sanƙare, leɓɓansa sun yi duhu, numfashi ya ƙi fita. Na yar da kwano, na ƙwalla kiran sunansa, na fizge shi daga hannun surukata, na fita ko mayafi babu.

A asibitin da ke Maamobi, nas ta ce ganye daban, mai daban. Ko babba ba ya shan sa, sai an tsarma shi da wani man kafin a shafa, jariri kuwa ko kusa da hancinsa ba a kai shi. Yaron ya rayu, amma bakinsa ya saɓule, ya yi kwanaki bai iya kama nono ba.

Da muka dawo, Alhaji na kan tabarmarsa yana kaɗa shayi. Ko sannu. Wata tsohuwa ce ta tare ni a zaure, da irin Hausar nan ta Nima mai ce wa mace "ka".

"Amarya, ba ka da kunya ne? Ka kira sunan ɗan fari gaban mutane!"

Haka labarin ya zauna. Har Alhaji ya mutu ba wanda ya ce masa ka kusa kashe yaro. A gidan nan, in an tuna ranar, cewa ake ranar da amarya ta yi rashin kunya.