Tirelar Surukin Abdulbaƙi

"Wanki ba zai fitar da wannan ba," in ji Lado mai walda daga ƙarƙashin tirelar. "Ɗanyun fatu aka yi ta lodi a kanta. Ruwan gishirin ya riga ya ci ƙarfen."

"Ni ba warin ne ya dame ni ba," Abdulbaƙi ya ce, alhali ya toshe hanci da hularsa. "Duba min gindinta, Baba Lado."

"Walda ce a kan walda. Wanda ya yi ta, ko ƙofar bayi ba zan ba shi ba."

Abdulbaƙi ya juya ya tofar da yawu. Ƙudaje sun yi baƙi a kan katakon, wani ruwa mai maiƙo yana ɗiga daga kusurwa, tayoyin baya kuwa sun suɗe har zare ya leƙo.

Mutumin Buji ne, ɗan manoman gero. Ya shigo Dutse da ƙuruciya, ya yi tuƙin babbar mota har ciwon baya ya sauke shi. Tun daga nan aikinsa ya zama haɗa kaya da mota. Duk mai abin da ya fi ƙarfin motar kowa, tankin ruwa ne ko injin casa, shi yake nema. Yakan zagaya kayan a hankali, ya duba faɗi da tsayi, ya tuno hanyar da wayoyin lantarkinta da suka yi ƙasa, sannan ya ce ga motar da za ta iya. Sunan da yake ci da shi ke nan: kayan da ya zaɓa wa mota bai taɓa faɗuwa ba.

Wannan karon katafila ce za a kai Aujara, ta haƙa tafkin shayar da dabbobi kafin damina. Irinta sai lobed, tirelar nan mai ƙasa-ƙasa da tayoyi birjik. In aka ɗora ta a kan tirela mai tsayi irin wannan, rangaji za ta yi ta yi, a hanyar da 'yan adaidaitan Jahun ke shigewa gindin manyan motoci. Ya ma riga ya hango lobed ɗin da zai ɗauka, sai surukinsa Alhaji Isah, wanda bai jima da sayen wannan tsohuwar tirela ba, ya aika a kira shi.

"Ga mota a gida," Alhaji ya ce, "me za ka nema a waje?"

Abdulbaƙi yana tsugune, takalmansa a bakin zaure, ya ce, "To, Baba." Mutumin da ko ruwa bai taɓa sha a gabansa ba, ta ina zai ce masa a'a? Matarsa Safiyatu ma ba ta da baki, don 'yar fari ce, mahaifin nata ko sunanta ba ya kamawa. Shi ya sa ya ɗauko Lado, taubashin Alhaji, wanda yake da damar faɗa masa komai cikin wasa.

Da hantsi Alhaji ya iso. Lado ya fito yana kakkaɓe riga.

"Alhajin fata, wa ya sayar maka da mushe?"

"Mushen da ya fi gidanku daraja. Tsohon banza, me kake sata a ƙasan motata?"

"Me zan sata, tsatsa? Wallahi in aka ɗora katafila a nan, kafin Jahun ta kwanta."

Alhaji ya yi dariya har da riƙe ciki. Maganar taubashi ai ba a ɗaukarta. Ya waiwayi Abdulbaƙi, wanda tuni ya durƙusa a gefen taya, warin na shigar masa har maƙogwaro.

"Kai ne mai sana'ar. Za ta kai?"

Lado ya zuba wa Abdulbaƙi ido.

"Yadda ka ce, Baba."

"Madalla. A watsa mata ruwa."

Bayan tafiyarsa Lado ya yi tsaki. "Na buɗe maka ƙofa, ka tsaya kana sallama."

Bakin Abdulbaƙi ɗaci yake yi, kuma ya san ba fatun ba ne. Ya ciro waya ya kira mai katafilar.

"Ranka ya daɗe, ka karɓe aikin nan daga hannuna. Ka ba Marwa, yana da lobed. A'a, lafiya lau. Ka dai ce kai ne ka sauya shawara."

Marwa shi ne wanda ya daɗe yana zawarcin masu ba Abdulbaƙi aiki, kuma wanda ya shiga hannunsa ba ya dawowa.

"Ka ba kura ajiyar nama," in ji Lado.

"Ta ci. Da dai a kwashi mutane a kan hanya."

Ya mayar da hularsa, ya ji ta ɗauki wari, ya cire ya cusa a aljihu. Akwai wani tanki a bayan kasuwa da aka ce ya je ya duba tun jiya. Ya kama hanya, kansa a buɗe.