Iya Eunice da Jaririn Roba

Duk wanda ya zauna Kakuri lokacin da aka kafa masaƙa ya san Iya Eunice, ko bai san fuskarta ba ya san hayaniyar gidanta. Mijinta leburan reluwe ne, ta biyo shi daga ƙauyensu, ya rasu ya bar mata ɗaki ɗaya da gindin mangwaro. Allah bai ba ta haihuwa ba, amma bayanta bai taɓa hutawa ba, don duk macen da za ta kai tallan abinci ƙofar masaƙa nan take ajiye ɗanta. Ɗan gaban goshinta shi ne Ɗanlami, ɗan Indo mai tuwo, wanda tun yana cikin tsumma ba ya barci sai a bayanta. "Maigidana" take ce masa, kuma wallahi ko marigayin bai ga wannan gata ba.

Ana nan sai ga duba-gari, Malam Jethro, da gajeren wando da gwiwoyi sun sha mai. Ya leƙa randa, ya leƙa masai, sannan ya dubi yaran ya gyara murya.

"Iya, ina lasin ɗinki?"

"Lasin kuma? Ni direba ce?"

"Ba a tara yara haka sai da takardar koyon reno. Na rufe, sai kin samo."

To fa! Matar da rabin unguwa suka yi mata fitsari a baya, yau ita za a koya wa reno. Ta yi tsaki ta ƙara, amma da ta tuna Ɗanlami sai ta ɗaura kallabi. Kullum da safe ta haye gada zuwa wani asibiti cikin gari, inda wata Baturiya da ake kira Sista ke koyar da mata, da tafinta a gefe. Abin koyarwar kuwa jariri ne na roba, ɗan albarka: ba kuka, ba kashi, ba zazzaɓin haƙori. Iya Eunice ta koyi yi masa wanka kamar za a wanke ƙwai, ta koyi cewa yaro a gado yake kwana, yana kuma jin yunwa ne idan agogo ya yarda.

Ranar jarrabawa aka ce ta yi masa wanka, sannan ta dama madara. Wanka ya yi kyau. Da ta zo dama madara tana bukatar hannu biyu, ai kafin ta yi tunani jiki ya yi abin da ya saba. Ta wurga ɗan roba a baya, ta ja zane, ta ɗaure da majanyi, har tana jijjiga shi tana ɗan waƙa kada ya farka. Fuskar Sista ta yi jajir. Tafinta ya sunkuyar da kai ya ce, "Iya, an ce kin faɗi. Ga gado can. Sai kin sake daga farko."

Ta sake. Damina ta shiga, damina ta fita, tana hawa gada. Su kuwa masu talla ba su jira gwamnati ba, suka kwashe 'ya'yansu suka kai wa Hadiza mai kitso, mace mai wayo, wadda in duba-gari ya leƙo sai ta ce duk jikokinta ne. A jarrabawa ta biyu Iya Eunice ta shimfiɗe ɗan roba a gado, ta harɗe hannu, bayanta na ƙaiƙayi. Ta ci, har da tafi.

Ko gida ba ta shiga ba ta zarce wajen Hadiza, takarda a hannu, majanyi a kafaɗa. Ga Ɗanlami ya fara tafiya, abin da ba a gabanta aka yi ba. Ta durƙusa ta buɗe hannu.

"Zo mana, maigidana."

Yaro ya kalle ta, ya ruga ya ƙanƙame zanen Hadiza, ya tsala ihu.

"Yi haƙuri, Iya," in ji Hadiza, "ƙyuya gare shi, ba ya yarda da baƙi."

Baƙi! Maganar ta soke ta. Ta miƙe a hankali ta koma gida, ta rataye takardar a ƙusa ɗaya da majanyin.

Bayan kwana biyu Malam Jethro ya dawo duba gida. Ya zagaya tsakar gidan da aka share tas, ya karanta takardar, ya washe baki.

"Madalla, Iya! Ban taɓa ganin gidan reno irin wannan ba. Ba ƙuda, ba kashi, ba kuka."

"Ai haka aka koya mana, ɗana," in ji ta. "In ka shiga gari ka roƙa mini Sista ta ara mini na robar nan. Shi kaɗai ne bai manta da ni ba."