Kalangun Kawu a Situdiyo

Ƙanin mahaifiyata makaɗin kalangu ne. A Garo aka haife shi, a nan ya tsufa, mahauta yake yi wa kiɗa kamar yadda kakana ya yi. Wata damina na je gaishe shi daga Kabo, inda nake koyarwa, na tarar yana murza yatsunsa da man zafi. Bayan ya tambayi iyali da aiki da ruwa, sai ya ce, "Malam, an ce a Gwarzo akwai mai injin da yake riƙe kiɗa. Ina so a riƙe mini taken mutanen nan kafin yatsun su ƙi." Tun da na fara koyarwa yake ce mini Malam, rabi girmamawa rabi tsokana.

Ranar Asabar na goya shi a babur, kalangun na rataye a kafaɗarsa cikin tsohon buhu. Situdiyon wani shago ne a bayan layin teloli, an manne bangonsa da kwalayen ƙwai don kada ƙarar titi ta shigo. Mai shagon zai kai shekara arba'in, da can gyaran rediyo yake yi. Ya durƙusa ya gaida Kawu, ya ba shi kujera gaban makirfo, ya ɗora masa abin ji a kunne.

"Baba, bismillah."

Kawu ya matse kalangun a hammata ya fara. Bai yi nisa ba ya tsaya, ya waiga bayansa.

"Wa yake maimaita mini?"

"Ba kowa, Baba. Kiɗanka ne kake ji."

"A'a. Na buga, sannan wani ya buga. Yana makara."

Mai shagon ya yi ajiyar zuciya. Ya ce sautin ne yake shiga kwamfuta ya daɗe kafin ya fito, jiya kuma lafiya ƙalau ta yi aiki. Ya shiga buɗe wurare a allon yana rufewa, ya zare waya ya mayar, ya kashe ya kunna. Ni dai na matso ina kallo, don ban taɓa sanin sauti yana iya makara a hanyar da ba ta kai kamu biyu ba. Da aka shawo kan wannan, Kawu ya sake farawa, hannunsa ya yi zafi, ya shiga taken wani tsohon sarkin pawa wanda tun ina yaro ban ƙara ji ba. Yana kaiwa ƙarshe mai shagon ya dafe kai. Kwamfutar ta sandare tun a tsakiya, ba ta riƙe komai ba.

Na zaci Kawu zai yi fushi. Sai na ga ya ajiye kalangun ya jawo kujerarsa kusa da tebur.

"Ɗana, me yake damunta? Yunwa ko gajiya?"

"Wallahi Baba ban sani ba. Wani lokaci zafi ne, wani lokaci ta cika, wani lokaci kuma ba dalili."

"Kai ka ƙera ta?"

"Ina! 'Yar gwanjo ce, daga Kano na sayo."

"To waɗanda suka ƙera ta, sun san kiɗa za a yi da ita?"

Mai shagon ya yi dariya, amma ba ta jin daɗi ba. Ya ce, "Baba, ni kiɗa na buɗe shagon nan in yi. Na bar gyaran rediyo don na gaji da gyara. Ga shi yanzu rabin yinina a gyara yake tafiya. Mawaƙi zai zo da waƙa a bakinsa, kafin in lallashi wannan abar, waƙar ta huce."

Muka koma gida hannu rabbana. A hanya nake ta tunani. Na ce wa Kawu ai shi ma kalangunsa haka yake, kullum cikin lallashi. Na sha ganinsa yana shanya shi a rana idan danshi ya saki fatar, yana ɗaure tsarkiya, yana sauya wadda ta tsinke.

"Haka ne," in ji shi, yana ɗaga murya saboda iska. "Amma ni kafin in fita nake gyarana. In na shiga fili, bai taɓa tsayar da ni ya ce in jira ba. Kuma in ya ƙi, na san abin da ya hana shi."

Asabar ta biyu abin ya fi ban mamaki. Muna zama, kwamfutar ta rubuta cewa za ta sabunta kanta, kada a kashe ta. Mai shagon ya ce ba shi ya sa ta ba, kuma ba ya iya hana ta. Muka zuba mata ido har aka kira azahar. Muka je muka yi salla, muka ci shinkafa da wake, muka dawo tana nan tana juya wani ɗan zobe. Da ta gama, sai ta manta da makirfon ɗungurungum, kamar ba ta taɓa ganinsa ba.

Kawu bai gaji da tambaya ba. Wa ya aiko mata da saƙon? Daga ina? Shin mutumin ya san akwai dattijo a Gwarzo da yake jira? Na yi ƙoƙarin yi masa bayani, sai na gano ni ma iyakar sanina ke nan. Ina amfani da waya kullum, amma ban taɓa tambayar wa yake da iko da ita ba, ni ko masu ita na can. Mai shagon ya ce akwai kwamfutocin da aka tanada don kiɗa kawai, sun fi natsuwa, amma ya ji masu su ma suna kuka. Na tambaye shi ko laifin talaucinmu ne ko na maƙeran. Ya ce yana ganin kowa da rabonsa, sai dai mai garma ba ya yarda a sayar masa da wadda za ta tsaya a tsakiyar kunya.

A mako na uku mai shagon ya shirya mana. Ya raba kwamfutar da intanet tun ranar Alhamis, ya goge tarkacen da ke cikinta, ya kafa mata fanka ita kaɗai, mu muna zufa. Ya ce Kawu ya bar abin jin nan, ya yi kiɗansa yadda ya saba. Kawu ya rufe ido ya yi take bakwai a jere bai tsaya ba. Ni ban ma saurare shi sosai ba, idona yana kan allo, ina kallon wani layi yana tafiya, ina addu'a kada ya tsaya. Bai tsaya ba.

Na tambayi mai shagon wanne ne ya yi maganin, fankar ko gogewar ko cire intanet ɗin. Ya ce, "Malam, da na sani da na rubuta a bango."

Aka kunna wa Kawu a lasifika. Karo na farko ke nan a rayuwarsa da ya ji kiɗansa hannunsa yana kan gwiwa. Ya saurara, kansa a sunkuye. A take na huɗu ya ɗaga yatsa.

"Mayar da nan."

Aka mayar.

"Ashe sauri nake yi a wurin nan. Mahaifina ba haka yake kai shi ba, yakan ja shi kaɗan. Shekara nawa ina yi, ba wanda ya gaya mini." Ya juya wajen mai shagon. "Ɗana, za ta yarda mu sake wannan ɗin?"

Mai shagon ya taɓa gefen kwamfutar da bayan hannu, ya ce da sauran sanyi. Kawu ya ɗauki kalangun ya gyara zama, ya sake na huɗun a hankali, sau biyu, sannan ya ce bugun ƙarshen za a riƙe.