Rabin Juyin da Ka Bar Mini

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah Ya karɓi ran aminina, bakaniken baburan nan da duk layinmu ke kira Mai Kunne. Daga Allah muka fito, kuma wurinSa za mu tattara mu koma. Ya cika a ɗakinsa na bayan gareji, bayan wata biyar yana fama da ciwon ƙirji. Ba na gari. Ina can gidan 'yata, rungume da jikana na fari, bakina ya ƙi rufuwa don murna, sai waya ta yi ƙara a aljihuna. Kafin in iso an riga an kai shi makwancinsa.

Mai Kunne, da hannuna nake rubuta maka wannan, hannun da kai ka tura shi makaranta. Ina da shekara hamsin da biyu ka gan ni ina miƙa wa wani takardar asibiti ya karanta mini, ka ce mutumin da ke haddace shaguna arba'in da yawan burodin kowannensu ba zai kasa haddace baƙaƙe ba. Ka yi ta yi mini naci har na shiga ajin yamma na manya. Daga ranar ka laƙa mini Ɗalibi, sunan ya bi ni, har matata ta ɗauka. Kai kuwa ba ka taɓa zama a aji ba. Ka ce kunnenka ya ishe ka.

Kuma ya ishe ka ɗin. Babur na tahowa daga kan kwana, kana sunkuye kan wani aikin, sai ka faɗi ciwonsa ba tare da ka ɗaga kai ba. Shekara ashirin da shida kana duba tsohon babur ɗina da nake rarraba burodi da shi. Ka fi ni sanin tarinsa. Na ga ka kwance injin wani baƙo a ranar ruwan sama, ka lulluɓe kayan da rigarka, kai kana jiƙewa. Na ga ka kori mai sabon babur don ya zagi wani dattijo mai jiran layi. Ba ka iya sassauta magana ba, amma ban taɓa ganin wanda ya turo babur ya koma yana turawa ba.

Kana da wata ɗabi'a da kowa ya san ka da ita. In ka ɗaura roba a inji, ba ka ƙarasa matse zoben da ke riƙe ta. Sai ka ce mai babur ya je ya yi tafiya ya dawo. Roba, in ji ka, sai ta sha zafi ta huce take samun mazauninta, sannan a ƙara mata rabin juyi. Wanda ya matse tun farko ya tsaga ta, wanda bai dawo ba kuma iska ta ɓarauniyar hanya ta shige masa inji. Masu gaggawa suna ƙorafi. Mu da muka daɗe mun san dawowar nan ita ce hirarmu.

Yanzu zan faɗi laifina, don iyalinka da maƙwabta su ji daga bakina.

Bara, wasu masu babura da muke haɗuwa a ƙofar gidan burodi suka ce mini akwatin iska ne ke shaƙe wa babur wuya. Wai in aka cire shi inji zai sha iska son ransa, ya ƙara gudu. Akwatin nan baƙi da ke ƙarƙashin kujera, mai soso a ciki, shi ke tace iska kafin ta shiga kafireta, inda take haɗuwa da fetur. Nawa dama ya tsage a gefe. Na sa sifana na cire shi da kaina, na zo garejinka ina taƙama da sabuwar ƙarar babur, na jefa akwatin kan tarin ƙarafanka na ce ka zubar.

Ka dube ni, ka dubi babur. Gareji cike da mutane. Ka ce, "Ɗalibi, shekara uku kana zaman benci da furfura, abin da aka koya maka ke nan? Ka yanke wa babur hanci?"

Aka kwashe da dariya. Da wani abu ka taɓa da na yi dariyar tare da su, amma karatun nan ka taɓa, abin da na sha kunya kafin in same shi. Na buga babur na tafi. Wata takwas ban sake bin layinka ba. Ina zagayawa ta bayan kasuwa, hanya mai nisa, don kada kunnenka ya ji wucewata. Na ji labarin ka kwanta. Matata ta ce in je, na ce zan je. Kullum ina cewa gobe.

Babur kuwa ya nuna wa ya fi gaskiya. Ya fara tari, ya fara mutuwa a tsakiyar titi, in na murɗa sai ya shaƙe. Na kai shi wurare biyu, kowa ya taɓa ya mayar mini da shi yadda yake.

Sai ranar Alhamis, shida ga wata, da hantsi, surukina ya bugo waya. 'Yata ta sauka lafiya, namiji, bayan shekara tara muna jira. Na zauna a ƙasa na yi kuka, na tashi na rungumi mai gasa burodi da garin da ke jikinsa. Matata tana can wurinta tun mako biyu. Motar garin nasu sau ɗaya take tashi a rana, kuma ta riga ta tafi. Na buga babur, na buga, na sake bugawa. Shiru. Murna ce ta cire mini girman kan da wata takwas suka kasa cirewa. Na kama ƙahonsa na turo shi har ƙofarka.

Na tarar da kai a kujera bakin gareji, da bargo a kafaɗa, ka rame har na kusa ban gane ka ba. Ban iya ko gaisuwa sosai ba, na ce na yi jika. Fuskarka ta washe. Ka ce to yanzu an sami wanda zai gyara mini karatu. Ka yi dariya har tari ya sarƙe ka. Sannan ka nuna ƙusar da ke bayan ƙofa, ka ce in ɗauko abin da ke rataye.

Akwatina ne. An wanke shi tas. Tsagar gefen ka liƙe ta da ƙarfe mai zafi, ɗinki a jere kamar na tela. A ciki akwai sabon soso da ka yanka daidai bakin.

Hannunka ba ya iya riƙe sukundireba, don haka ni na yi aikin, kai kana faɗa. Na kwance kafireta na wanke yashin da ta haɗiya. Uwargidanka ta kawo ruwan zafi a kwano, muka jiƙa wuyan robar da ya bushe har ya yi laushi. Ka sa na shafa wa soso mai, na matse shi a tafin hannu. Na yi gaggawar ɗaure akwatin da notinsa, ka buga sandarka a ƙasa, ka ce in sassauta, roba ake fara zaunarwa a bakin kafireta, akwati ya biyo baya. Sau uku tana zamewa. A na huɗu ta shige. Ka ce in matse zoben, ina cikin juyawa ka ɗaga yatsa, na tsaya.

Bugu biyu ya tashi. Ka rufe ido ka karkata kai kana sauraro, kamar mai jin muryar ɗan'uwa daga nesa.

A nan ya kamata in durƙusa in ce ka yafe mini. Maganar tana bakina. Amma hankalina ya riga ni zuwa wurin jariri, na ce a raina zan faɗa in na dawo, da natsuwa. Ka ce, "Ranar Lahadi ka kawo babur ɗin. Saura rabin juyi." Na ce in Allah Ya so.

Lahadi ta zo ina gidan 'yata, yaron ya kama yatsana ya ƙi saki. Na ƙara kwana. Litinin 'yata ta ce Baba ka bari sai jibi. Na ƙara.

Da na iso gidanka na zauna cikin masu gaisuwa, kaina a ƙasa. Da mutane suka ragu, uwargidanka ta aiko a kira ni bakin ƙofa. Ta miƙo mini tsohuwar sukundirebarka mai jan mariƙi. Ta ce ranar Lahadi ka sa an fito da kai kujera, kana sauraron kwana har rana ta yi sanyi. Da aka mayar da kai ciki ka ce jika ya riƙe ni, kuma haka ya kamata. Ka ce in na zo ba ka nan a ba ni wannan. Na ce mata ban nemi gafararka ba. Ta ce, "Ɗalibi, ranar da ka yi fushi ka tafi, kafin ƙarar babur ɗinka ta ɓace ya tsince akwatin nan. Shi ne ma yake cewa bakinsa ya yi kaifi."

Jiya da safe na durƙusa a ƙofar garejinka da ke rufe, na cire murfin gefen babur, na taɓa zoben. Ya yi sako-sako kaɗan, kamar yadda ka faɗa. Na sa sukundirebarka na juya rabi, na tsaya. Na daɗe a durƙushe, ba wanda zai ce mini ya yi.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Mai Kunne, Ka yafe masa kurakuransa, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Yadda bai taɓa mayar da mai turo babur ba, kada Ka mayar da shi daga ƙofar rahamarKa. Ina miƙa ta'aziyyata ga uwargidansa, da 'ya'yansa huɗu, da ƙanwarsa, da duk wanda ya taɓa zama a bencin garejin nan. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen. Jikana kuwa, in Allah Ya raya shi, zan gaya masa hannun da ya kai ni wurinsa ranar da aka haife shi.